Rijiyar Gidanmu da Gaskiyar Dakta

Shekara bakwai ke nan da rasuwar 'yata ta fari. Ba na kiran sunanta, kun san kunyar 'yar fari, don haka zan ce Dakta kamar yadda mutanen Birnin Gwari suke ce mata. Ni karatun yaƙi da jahilci na yi, ita kuwa ta yi zurfi a binciken ƙwayoyin cuta. Hatsarin mota ne ya ɗauke ta, Allah ya jiƙanta.

Duk lokacin da damina ta sauka sai in tuna daminar da ta zo gida aka gayyace ta ta yi jawabi a firamaren unguwarmu. Shekara ce mai nauyi. Ruwa ya yi yawa, masara ta yi kyau, amma amai da gudawa sun shiga gidaje, yara suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Da safen da za ta tafi makarantar na ga ta ɗebi ruwan rijiyarmu a 'yar kwalba. Ban tambaya ba.

Rijiyar nan kakanta ne ya haƙa, kusan duk unguwa daga ita suke sha. A wurinmu ba a hana ruwa, ko wanda kuka yi faɗa da shi jiya ya zo da guga sai ka matsa masa.

Na je makarantar na tsaya ta taga a bayan mata. Ta fara da labarin masu zuwa sararin samaniya a kumbo. Ta ce ba su da rijiya a can, fitsarinsu ake tacewa su sake sha. Wani dattijo ya ce, "A'uzubillahi! To me ya kai su?" Aji ya kece da dariya. Ta bari suka gama, sannan ta ce ruwan nasu ya fi wanda ke cikin kwalbar nan tsabta. Ta ɗiga shi a na'urar ganin ƙwayoyin cuta, yara suka yi layi suna leƙawa, wasu suna ja da baya da ihu. Aka tambaye ta ruwan ina ne. Da ta ga dama da ta ce na rafi ne, amma ta ce, "Na gidanmu ne."

Ƙasa ba ta tsage ba, amma na so ta tsage in shige. Da muka koma gida na ce mata ta tona mana asiri a gaban mutane. Ta durƙusa ta ce, "Inna, da na ɗebo na wani gidan, da cewa za a yi raini ne. Namu kuwa wa zai musa?" An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ranar nan ni ce ban hango ba.

Yau nakan ce da tana raye me za ta ce. Za ta yi baƙin cikin yadda 'yan bindigar dajin nan suka hana mutane noma, da 'yan gudun hijira da suka cika gari suna shan duk ruwan da suka samu. Amma za ta ji daɗin ganin yara suna kallon tashin kumbo a waya, da kuma ɗaya daga cikin 'yan matan da suka leƙa na'urarta tana duba marasa lafiya a asibiti. Takardunta suna akwati, ban iya karanta su ba. Abin da ya rage mini nata shi ne gaskiyar da ta faro daga gida.

Washegarin jawabin nata, da asuba na fito da tukwanen biki biyu na hura wuta. Na jawo kwanon rufi na rufe rijiyar, na ɗora dutse. Maƙwabciyata Maman Rifkatu, wadda jikanta ke kwance, ita ta fara shigowa da guga da bokiti. Ta dubi dutsen, ta dube ni.

"Inna, yau kuma hana ruwa ake yi?"

Na ce, "Ajiye gugan, miƙo bokitin." Na cika mata shi da tafasasshe.