Taken Matattu

Ranar Talata ce. An ɗan yi yayyafi da asuba, fatar ganga ta saki. Yayana Labbo ya fito da ita ƙofar gida, ya jingina ta da bango tana kallon rana, ya zauna yana shan kunu. Ni ina gefe ina wasa magirbi. Gayyar girbin gero za mu a gonar wani maƙwabci. Mata sun riga sun dama furar gayya a manyan ƙorai.

Labbo ne makaɗin noma na ƙauyenmu, can tsakanin Turba da Isa. Ni ɗan amshinsa ne, sama da shekara ashirin. A wurinmu duk namijin da ya isa riƙe fartanya yana da takensa a ganga. In Labbo ya buga taken mutum, ko loma ce a bakinsa sai ya fito yana kirari. Ƙin amsawa abin kunya ne. In mutum ya mutu kuma, takensa ya bi shi. Ba a sake buga shi har abada.

Dole in ambaci Arzika, ko da yake sunan ɗaci yake yi mini a baki. Ɗan Sarkin Noman garinmu ne, amma rago ne na ƙin ƙarawa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a wata gayya, ya nome kuyya ɗaya, layi guda tak, ya koma gindin gawo ya miƙe ƙafa. Labbo ya yi masa zambo: ɗan Sarkin Noma, kuyya ɗaya sai inuwa. Ni na ƙara amshin, inuwa, inuwa. 'Yan mata suka ɗauka suka kai dandali. Kafin kaka ya bar garin. Ubansa ya rasu shekarar da ta biyo, bai zo ko gaisuwa ba. Daga baya muka ji yana daji tare da 'yan bindiga.

Ƙarfe takwas da rabi muka ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyar ba. Sai harbi daga bakin rijiya. Kaji suka watse. Maza suka ruga cikin dawa, don lokacin ta fi tsayin mutum. Ni ma na kai bakin gona. Na waiwaya na ga Labbo ya koma ɗaukar ganga. Na zage shi a zuciyata, na koma janyo shi. A nan suka same mu.

“Ku hito! Ku zamna ƙasa!”

Suka tara mu a filin masallaci, mata da tsofaffi da mu biyu. Gawar mutum biyu tana kwance kusa da rijiya, masu ɗiban ruwa. Arzika ne jagoransu. Ya kwance rawaninsa don mu gane shi. Ya yi ƙiba. Ya sa aka kawo masa furar gayya. Hannunsa da jini ya tsoma cikin ƙwarya, ya sha, ya goge a tabarmar masallaci. Warin mai da zufa da wiwi ya cika wurin. Har yau in na ji warin man babur a kusa da abinci, sai in ture kwanon.

“Labbo! Ɗauki gangarka. Wasa ni!”

Labbo ya rataya ganga. Ya buga. Ni kuma na yi amshi. Na kira Arzika namiji, na kira shi mai daji, na kira shi ɗan da ya fi ubansa. Yaransa suna rawa da takalman roba, suna taka jinin da ya gangaro daga rijiya. Ɗaya ya ɗaga waya yana ɗaukarmu. Abin da ya fi ba ni ƙyama, muryata ba ta ko girgiza ba. Ta fita tas, kamar a gidan biki.

Wajen ƙarfe goma ya ɗaga hannu. Aka yi tsit. An daina harbi tun da daɗewa. Ya nuna dawa da bakin bindiga.

“Kira mini su. Ɗai-ɗai, kowa da takenai.”

Ɗan gari ne, ya san mu. Mutumin da ke kwance cikin dawa, in ya ji harbi ya tsaya, ya kuma ji gangar Labbo tana kiran sunansa, zai ɗauka an tafi. Zai fito da ƙafarsa. Maza kusan talatin ne a ciki, har da babban ɗan Labbo. Arzika ya jera mutum shida a bakin gona, bindigogi a saite.

Labbo ya goge gula, sandar kiɗansa, a rigarsa. Bai dube ni ba. Ya fara.

Bugu uku na gane taken. Na Garba Dogo ne. Garba ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ni na sa shi a kabari. Wata tsohuwa a bayana ta fara salati a hankali. Arzika kuwa murmushi ya yi, ya gyaɗa kai, don ya tuna taken. Bai san mai shi ya mutu ba.

Dawa ba ta motsa ba.

Labbo ya wuce na biyu. Mamaci. Na uku, mamaci. Haka ya bi su, duk waɗanda muka binne bayan tafiyar Arzika. Rana ta yi sama. Zufa tana ɗiga daga gemunsa kan fata. Daga baya mazan suka gaya mini tun a take na biyu suka gane: Labbo ba ya kiran mai rai. Suka ja ciki suka gangara fadama.

Ƙarfe sha ɗaya saura, Labbo ya koma kan na Garba. Arzika ya daka tsawa.

“Ka buga wanga ɗazu! Wani!”

Labbo ya tsaya. Ya gyara maratayi a kafaɗa. Ban sani ba ko matattun ne suka ƙare masa, ko kuwa da ma ya ajiye wannan don ƙarshe. Ya buga taken Sarkin Noma, uban Arzika. Ya buga shi da ƙarfi, cikakke, yadda yake bugawa in tsohon ya shigo gona da fartanya a sama.

Na ga hannun Arzika ya ɗan ɗaga, kamar zai yi jinjina. Sai fuskarsa ta canza. Ya san wannan kam ya mutu. Ya gane sauran ma matattu ne.

Harbi uku. Ɗaya ya ratsa ganga. Ta yi wata irin ƙara, kamar an fasa tulu. Labbo ya faɗi a kanta.

Suka yi ta zuba harsashi cikin dawa, babu kowa. Suka cinna wa rumbuna wuta. Arzika ya tsaya a kaina, yana warin fura.

“Tashi ka tai. Ka rera wanga da ka gani.”

Na tashi. Na bar yayana a rana, ƙudaje sun riga sun fara sauka. Ban ko rufe masa fuska ba.

Muka kama hanya da mata da tsofaffi. Azahar ta same mu a bakin gulbi. Ruwa ya kai ƙirji. Na goya tsohuwar nan mai salati na haye da ita. Bayan la'asar muka shiga Isa, ƙafafu duk ƙaya. Washegari wata motar hatsi ta kawo mu Sabon Birni. Sai bayan kwana uku aka samu rakiya aka je aka binne Labbo. Ban je ba. Ɗansa ne ya je.

Wata biyu bayan nan ina wucewa ta kasuwa, na ji muryata. Daga rumfar masu cajin waya take fitowa. Samari sun zagaye waya guda suna kallon Arzika yana rawa, ni kuma ina cewa ya fi ubansa. Ɗaya yana kaɗa kai, wai amshin da daɗi. Na koma bayan rumfa na yi amai. Tun ranar ban sake rera komai ba.

Jiya na zauna na ƙirga. Taken mutum arba'in da ɗaya Labbo ya bari na masu rai. Masu su suna nan, wasu a Isa, wasu a nan, wasu sun haye Nijar. Ba a hannun kowa taken yake ba sai na Labbo. Nawa ma yana ciki. Na gwada buga shi a gwiwata da yatsa. Farkonsa kawai na iya tunawa.