Katifar Amarya a Ɗakin Haihuwa

Ana sallame sallar asuba muka bar Maraɗi, ni da direbana da wani abokin ciniki da ya ce yana son ganin ƙauye. Abu biyu ya fitar da ni. Akwai waken da wani dillali ya tara mini a wani gari da ke bayan Gabi, akwai kuma yayata da ke aure a can. Ɗiyarta na da tsohon ciki, na fari, kuma kwanan nan duk kiran da ta yi mini sai ta ce gidan likitar garin ba ya kwantar mata da hankali.

Hanyar Madarumfa ba ta wahalar da mu ba. Masu amalanke sun riga mu fitowa, jakunansu na jan tumatur da albasa da zogale zuwa birni. Bazara ce, tafkin Madarumfa ya ja baya, masu lambu sun bi shi da shuka har bakin ruwa. Nan muka tsaya muka karya da soyayyar karfasa da yaji. Mai kifin ta ce dala ɗari biyu, na ce ɗari da hamsin. Ta dube ni, ta dubi motar, ta ce, "Alhaji, motarka ce ta yi tsadar, ba ni ba." Na ciro ɗari biyun na biya.

Da muka wuce Gabi sai rairayi ya karɓe mu. Motar ta kafe a wani kwari, abokina mai son ganin ƙauye ya naɗe babbar rigarsa ya tura, ya ga ƙauye har cikin takalmansa.

Da hantsi muka shiga garin, na tarar da shi a tsaye kamar ana biki. Mata na shara, samari na shafa farar ƙasa, an ɗaure rago a gindin bishiyar bedi. Maza biyu suka wuce mu ɗauke da sabuwar katifa, ko ledarta ba a cire ba, wata yarinya mai lalle a ƙafa tana tsaye bakin ƙofa tana bin katifar da kallo.

Bayan mun gaisa na tambayi yaya wa ake aurarwa.

Ta ce, "Ba aure ba ne. Gobe mutanen hukuma za su zo duba gidan likita, su ga ko yana cikin waɗanda za a gyara kafin damina."

Ta warware mini yadda suke yi. Duk lokacin da aka ce masu dubawa na tafe, gari yakan haɗa kaya a kai gidan likita. Katifa daga ɗakin amaryar da ta fi kowa sabunta, batir daga wurin mai cajin waya, firiji daga shagon mai ruwan sanyi. In baƙi sun ci rago sun tafi, kowa ya zo ya ɗauki abinsa. Na ce don me? Ta ce don kada a koma Madarumfa a ce garinsu ba shi da komai.

Ban ko sha furar da ta dama mini ba na nufi wurin. Majo, wato babban ma'aikacin da ke riƙe da likitar, mutum ne mai sanyin magana, kuma ba ɗan garin ba ne. Ya zaga da ni. Farantin hasken rana na nan bisa rufi, amma batirinsa ya mutu tun bara. Firijin ajiye allurar yara ya zama akwatin takardu. A ɗakin haihuwa kwano ya ɓule daidai saman gado, an maƙala tabarma an rufe. Gadon kuwa ƙarfe ne da tsohon soso da ya rube. In naƙuda ta zo bayan duhu, da fitilar waya ake karɓar haihuwa.

Na ce, "Ba ka kai kuka sama ba?"

Ya ce, "Na kai, Alhaji. Sai su zo su tarar da wuta na ci, firiji na ƙugi, katifa fes. Kallon maƙaryaci suke yi mini su tafi."

A nan ɗiyar yayata za ta haihu, kuma ga dukkan alamu ruwan farko zai riga ta.

Ni sana'ata hatsi ce, tun ina ɗaukar buhu a ka har na sayi mota. Na san mai zuba wake mai kyau a bakin buhu ya ɓoye mai ƙwari a ƙasa. Amma shi yana yi ne don ya ci riba. Ban taɓa ganin wanda ya gyara bakin buhu don ya cuci kansa ba sai a garin nan.

Bayan la'asar na je zauren mai gari, dattawa na zaune. Na gaishe su yadda ya kamata, sannan na roƙi a mayar da kayan aro tun yau. Mai gari ya gyara zama.

Ya ce, "Alhaji, baƙo ya zo gidanka ka shimfiɗa masa tsumma?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ba gaisuwa ta kawo su ba, aiki ne. Kuna biyan haraji, kuna biyan kuɗin ganin likita. Gyaran nan haƙƙinku ne. In sun ga wuta, garin da ba wuta za su kai batir."

Wani dattijo ya ce mu mutanen birni mun daɗe da sayar da kunyarmu. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ban janye ba. Maganar ta fara tsayawa wuri ɗaya sai ga tsohuwar ungozomar garin ta leƙo daga bakin zaure. Taubashiyar mai gari ce, don haka abin da ta ga dama take faɗa masa.

Ta ce, "Kai sarkin rufin asiri, katifar da za a mayar jibi, kai za ka hau ka haihu a kanta gobe? Ni ke riƙe waya da haƙora ina tarbar jikokinka."

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Mai gari ya ce rago dai sai an yanka, shara kuma ba za a fasa ba. Na ce tsabta ba ƙarya ba ce, abinci ma haka. Kafin magariba katifa ta koma ɗakin amarya, mai ruwan sanyi ya ɗauke firijinsa, majo da hannunsa ya ciro tabarmar nan daga rufi.

Washegari da safe na duba wakena. Na soka ƙarfe har gindin buhu, sai ga ƙwari. Dillalin kuwa shi ne ya fi kowa gyaɗa kai jiya a zaure. Muka sake ciniki.

Baƙin sun iso rana ta ɗaga, mota guda, wata mace ce ke jagorantarsu. Ta danna makunnin wuta, shiru. Ta buɗe firiji ta ga takardu. A ɗakin haihuwa ta ɗaga kai, rana ta sauko ta ɓular ta kwanta a kan ƙarfen gado. Ta juyo ta ce wa majo, cikin faɗa, yaya aka yi komai ya lalace haka, bayan zuwansu na baya sun tarar da komai lafiya?

 Mai gari ne ya matso, a gaban mutanensa duka.

Ya ce, "Hajiya, kada ki ga laifinsa. Abin da kuka gani wancan karon, aro ne."

Na san abin da maganar nan ta ci masa. Ni kuma na ƙara da nawa, na ce mai saye ma yana da laifi in bai soka buhu ba, su riƙa zuwa ba sanarwa. Ba ta ji daɗi ba, na gani a fuskarta, amma ba ta musa ba. Na tambaye ta wa zai gyara, kuma yaushe. Ta ce batir da katifa suna hannunsu, za su aiko kafin ruwa. Rufi kuwa sai majalisar ƙaramar hukuma ta zauna ta ware masa kuɗi. Na ce zaman nan ana barin talaka ya shiga? Ta ce ana bari. Ungozoma ta ce to a ajiye mata kujera.

A hanyar dawowa abokina ya ce, "Kai ma da neman magana. Kwano nawa ne? Ka saya musu mana." Zan iya, kuma na yi ta juya maganar har muka hango fitilun Maraɗi. Amma in na rufe ɓular nan shiru, na zama wani mai ba da aron katifa. Za a zo a ga rufi lafiya, a manta wanda nauyin ke kansa, gobe in wani abu ya lalace a jira wani Alhajin. Abin da muka yanke da yaya shi ne, in hadari ya fara haɗuwa ba a gyara ba, zan aika mota a kawo yarinyar gidana. Sai dai ba ita kaɗai ke da ciki a garin ba, kuma motata ba za ta kwashe su duka ba.

Abin da na dawo da shi ke nan, jama'a. Rufin asiri abu ne mai kyau tsakanin maƙwabta, amma ba a yi wa mai gyara. In masu dubawa za su zo garinku, ku share wuri, ku dafa musu abinci, ku bar ɓula a buɗe, kuma kada su shiga mota sai sun faɗi wanda zai gyara da lokacin da zai yi.

Na riga na gaya wa direbana: ranar zaman majalisa ba lodi. Zai je ya ɗauko mai gari da ungozoma. Ita ce za ta zauna gaba.