Ƙuli-ƙulin da Na Ɓoye wa Ƙanena

Ko zan mance komai na zamana a Kaduna, ba zan mance ranar da na kusa kashe ƙanena da hannuna ba.

Lokacin ba a daɗe da mai da tuƙin mota hannun dama ba. Ina sayar da tsire a Unguwar Kanawa, shi kuma ƙanen nawa tela ne a Malali. Tun yana ƙarami gyaɗa ba ta karɓarsa. Inna ta ce ya taɓa kumbura da ya ci ta, don haka miyarsa daban ake yi, da man shanu. Ni kuwa haushi abin yake ba ni. Ai ni ma nono yana murɗa mini ciki, amma na yi ta sha har abin ya yi sauƙi. Maƙwabcinmu in ya ci kifi jikinsa ya yi ta ƙaiƙayi, zuwa gobe ya lafa. A ganina duk abu ɗaya ne, shagwaɓa ce kawai Inna ta koya masa.

Wata Juma'a da aka sauko daga masallaci ya biyo ta wurina. Na gasa masa nama, na ce gishiri da barkono kaɗai na sa. Ƙarya nake. Na barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, na rufe da yaji. Nufina in ya cinye in yi masa dariya, in ce ga shi nan bai mutu ba. Ya sunsuna, ya ɗago ya kalle ni.

"Yaya, ka tabbata?"

"Ci mana. Ni zan cuce ka?"

Ba ya musu da ni, haka aka rene mu. Ya ci.

Bai kai rabi ba ya fara sosa wuya. Leɓunansa suka kumbura, idanunsa suka ƙanƙance, numfashinsa ya koma fito-fito. Mutane suka taru, wannan na cewa a ba shi manja, wancan na cewa iska ce ta buge shi. Ni da na san gaskiya sai na yi shiru, don kada a ce ni ne. Wannan shirun ya fi ƙuli-ƙulin ci mini rai.

Sai a asibiti, da likita ya matsa a faɗi abin da ya ci, na buɗe baki. Aka yi masa allura, aka sa masa iskar taimakon numfashi. Likitan ya ja ni gefe, na faɗa masa dalilina, ya ce murɗar cikina daban, ƙaiƙayin maƙwabcinmu daban. Irin na ƙanena maƙogwaro yake shaƙewa, kuma ba a gwada shi da sunan sabo.

Allah Ya tashe shi. Bai faɗa wa Inna ba, bai taɓa tayar mini da zancen ba. Amma har ya koma ga Mahaliccinsa, duk ranar da ya zo gidana aka kawo abinci, sai ya yi murmushi ya ce a ƙoshe yake.

Tun daga nan, in mutum ya ce mini wani abinci ba ya karɓarsa, ba na neman hujja. Shi ke zaune cikin jikinsa, ba ni ba.