Ranar da Jirgin Osaka Ya Raba Ni da Hajiya

Ni ɗan kasuwa ne, kwanuka da tukwane na sayar a Kano har na tsufa, karatuna kuma bai wuce allo da firamare ba. Da matar babban ɗanmu ta haihu a Malesiya, inda yake karatun digiri na uku, sai ya aiko mana da tikiti ni da mahaifiyarsa. Muka sauka a gidansu da ke Cheras, can saman wani dogon bene.

Hajiya ta riga ni sabawa da Kuala Lumpur. Ita da surukarmu kullum suna cikin jirgin ƙasa, yau Jalan Masjid India sayen mayafi, gobe Sentul barkar haihuwa. Ni kuwa daga masallaci sai shagon mamak na ƙasan bene, inda Indiyawan nan suke haɗa shayi mai kauri.

Ana nan sai yaron ya ce makarantarsu za ta tura shi taro Osaka, a Japan, kuma yana so mu raka shi. Na ce me tsoho zai je yi can? Hajiya ta ce in ba zan je ba ita za ta je. Sai na je.

Mun tarar da sanyi mai daɗi, da gari tsaf kamar an wanke shi da sabulu. Washegari yaron ya tafi taronsa. Kafin ya fita ya ba mu katin shiga jirgin ƙasa, ya kwatanta mana hanyar wani tsohon gidan sarautarsu mai ganuwa. Wayata kaɗai ya sa wa layi, don a ganinsa ai tare za mu kasance.

To ni tun da muka yi aure, in za mu je wani wuri ina gaba ne, tana baya. Haka na ga mahaifina yana yi, haka duk sa'o'ina suke yi. Ba na ko waiwaye, ƙarar takalminta ta ishe ni sanin tana nan. Amma a tashar Osaka takalma sun yi yawa. Mutane ta ko'ina, babu mai magana, sai sauri. Na hango jirginmu a tsaye, na ɗaga ƙafa na faɗa ciki, ƙofa ta rufe. Da na juya in ce mata ta kama ƙarfe, sai na gan ta ta cikin gilashi, a waje, jakarta a hammata, ta buɗe tafin hannu tana kallona. Jirgi ya ja.

Salatin da na saki sai da duk taragon ya ɗago kai. Matar nan ba ta jin Turanci, ba ta san sunan masaukinmu ba, wayarta kuma ba layi. Na ɗauko tawa zan kira yaron, na mayar da ita aljihu. Me zan ce masa? Na yar da uwarka a tasha?

Wani dattijo mai furfura, sanye da kwat, ya matso kusa da ni. Na nuna masa baya, na kwatanta mayafi a kaina, na dafe ƙirji. Ya gyaɗa kai. A tasha ta gaba ya sauka tare da ni, ya haura da ni bene, ya sauko da ni ɗaya ɓangaren, ya tsaya har jirgin komawa ya zo. Sai da ya ga na shiga sannan ya rusuna ya tafi. Har yau ina sa shi a addu'a.

Na sauka ina haki, ina duba kowane lungu. Can na hango mayafinta ruwan goro. Tana zaune a kan benci, kusa da wata 'yar tsohuwa Bajapaniya wadda ta riƙe hannunta tana bin zanen lalle da yatsa. Lemo suke sha, ɓawon a cikin leda a cinyar tsohuwar.

"A'a, Alhaji, har ka dawo?" in ji Hajiya. "Ya gidan sarautar? Ka gaisa da sarkin?"

"Hajiya, ba ki tsorata ba?"

"Tsoron me? Na san ba za ka iya komawa wurin yaron nan hannu biyu ba."

Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗaga yatsa ta shiga surfa mini magana da yarensu, tana nuna ni tana nuna Hajiya.

"Cewa take ba ka kyauta ba," in ji Hajiya.

"Yaushe kika iya Japananci?"

"Faɗan tsofaffi ai duk iri ɗaya ne."

Muka kwashe da dariya mu uku, har tsohuwar ta rufe baki da hannu. Ta ɓare wani lemon ta miƙo mini rabi.

Da muka yi sallama da ita, na tsaya na ce wa Hajiya ta wuce gaba.

"Ni? A gabanka? Mutane su ce me?"

"Su wa? Wa ya san mu a nan? In kina gabana ina ganinki."

Ta gyara mayafi, ta wuce. Ashe zirga-zirgarta a Kuala Lumpur ta koya mata bin launin layin jirgi, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. A wurin hawa bene na lura tana fara ɗora ƙafar dama a kowane mataki, sannan ta jawo ta hagu a hankali. Ta ce ai gwiwar ta daɗe a haka. Ban sani ba, don ban taɓa ganin tafiyarta ta baya ba. Na karɓi jakar na rataya.

A takunta muka shiga lambun gidan sarautar. Itatuwa sun yi ja sun yi rawaya, ganye yana zuba a kan ruwan da ya zagaye ganuwa. Ta tsaya kallon wasu manyan kifaye, na tsaya. Ta sayi gasasshen dankali mai zafi a wurin wani mai keke, da nuni kawai, har ta ce masa "boleh", wato "to" da yaren Malesiya, ya yi mata murmushi. Ni kuma na shagala da kallon duwatsun ganuwar, ina mamakin yadda aka ɗora su.

Daga can bakin gada ta juyo, dankali a hannu yana tururi.

"Alhaji, ɗago ƙafa mana! Ka cika nawa."