Inna Fusako ta shagon makirfo

Ƙarfe tara da rabi na safe Inna Fusako take jingine kekenta a lungunmu na unguwar Nipponbashi, ta ɗaga ƙofar shagon da ba nata ba, ta share gabansa har da na maƙwabta. Sai ta zauna ta gwada batiran rakodojin gwaji ɗaya bayan ɗaya, ta goge kan kowane makirfo da ɗan ƙyalle, ta cika kwanon alewa. Shekara arba'in da uku ke nan tana wannan aiki. Mai shagon ya rasu, ɗansa ya gada, allon da ke waje bai taɓa ɗaukar sunan Kuwahara Fusako ba, ita kuwa ko a jikinta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Duk wanda ya taɓa shiga shagon da gaggawa ya san halinta. Ba ta miƙa hannu kan kantar kaya sai ta gama yi maka tambayoyi kamar mai neman aure a gidanku: wa zai yi magana, a ina, me kuma ke ƙara a wurin. Wani ma'aikacin banki mai son ɗaukar ƙarar jiragen ƙasa ya ce sai da ta sa shi ya cire rigar ruwansa, ta murza ta kusa da makirfo, ta ce, "Ka ji? Rigarka za ka ɗauko, ba jirgi ba." Wata malama mai bin kukan tsuntsaye ta dawo daga bakin teku da ƙugin iska zalla. Inna ta ɗinka wa makirfonta hula da ƙyalle mai gashi, ta haɗa mata da alewa biyu da faɗa kaɗan.

Ke ce mai kunnen lungunmu, Inna. Mutum ya zo da abin da yake so, ki sallame shi da abin da yake buƙata, kuma ya fita yana dariya.

Amma wanda ya fi kowa ba da labarinki shi ne Hamaguchi Noboru, direban tasi. Wata ranar Juma'a ya shigo riƙe da sabuwar rakoda ƴar ƙarama, ya nuna makirfo mafi tsawo a shagon, irin na ƴan jarida, ya ce a naɗe masa.

"Malam direba, damisa za ka harba da shi?" in ji Inna.

Bai yi dariya ba. Ta tura masa kujera da ƙafa, ta jira. Can ya faɗa mata: babansa mai awara ne a garin Sakai, likitoci sun gano ciwon daji a maƙogwaronsa, ranar Talata za a yi masa tiyata. Ana sa ran zai rayu, amma muryar ta tafi ke nan. Lahadi kaɗai, ranar hutun Noboru, ta rage musu.

"Ka taɓa gwada ɗaukarsa?"

"Da waya, jiya. Ya tafi ya sa kwat, ya durƙusa a falo, ya sunkuyar da kai, ya gode wa dangi da abokan ciniki, ya nemi afuwar damun mutane da ya yi. Minti uku ya ce ya gama."

"Haka yake magana a gida?"

"Wa? Tsohon nan? Tun daga bakin layi ake jin faɗansa."

"To ka nuna masa wannan dogon abu a fuska, ka sake samun jawabin ban kwana, sai dai wannan karon zai fita tas. Wanda ya durƙusa cikin kwat baƙo ne, ɗan nan. Babanka na gaske yana shagon awararsa."

Ta buɗe wata ƴar durowa ta fito da makirfo bai fi ƙwayar wake ba, mai ɗan maƙali da siririyar waya. Noboru ya dube shi, ransa bai so ba. Mutum yana son ya yi wa ubansa abu babba, a ba shi wannan? Inna ta ga haka a fuskarsa, ba ta kula ba. Ta maƙala masa shi a ƙirji, tazarar tafin hannu daga haɓa, ta sa masa iyafis, ta kunna fanka da famfo, ta ce ya yi magana. Ya ji muryarsa a sama, ƙarar ruwa can ƙasa.

Sannan ta jera masa sauran. Ya manne wayar da salatif a cikin rigar aikin tsohon don kada ta riƙa gogar yadi. Ya sa rakodar a leda saboda ruwan awara, ya jefa ta aljihun baya, ya kulle maɓallan. Ya rage ƙarfin ɗauka tunda tsoho mai ihu ne. Batir sabo, ba na cikin rimot ba.

"Kuma ka gaya masa ana ɗauka. Ba ma satar muryar mutum. Minti goma zai yi yana kame-kame, da mai sayen farko ya ɓata masa rai zai manta."

Ranar Lahadin Inna tana shago, amma hankalinta yana Sakai. Ta faɗa da bakinta cewa sau biyu ta ɗauki waya ta ajiye, tana tsoron kada ta zama ta hana mutum abin da ya nema, ta kuma jawo masa asarar ranar da ba za ta dawo ba.

Bayan wata biyu tasi ta tsaya a bakin lungu. Noboru ya fito da wani ƙaramin tsoho mai ƙyalle ɗaure a wuya da ɗan allon rubutu a hannu. Aka haɗa rakodar da lasifikar shago, maƙwabta suka leƙo. Sautin da aka ɗauka awa huɗu ne cur. Ga tsoho yana gardama da mai kawo waken suya, ga shi yana tsokanar wata tsohuwa cewa shekara talatin tana cewa awarar bara ta fi daɗi, ga tsawa: "Kai sakarai, da hannu biyu ake ɗaukar awara!" Tsohon ya saurara yana ɓata rai, ya rubuta a allo: "Ashe haka nake da faɗa?" Shagon ya kaure da dariya.

Noboru ya matsar da sautin gaba zuwa wani wuri da ya riga ya haddace. A lokacin da aka ɗauki wurin, an aiki Noboru kai saƙo, tsohon kuma ya manta da abin da ke ƙirjinsa. Muryar ta yi ƙasa, yana ce wa tsohuwar nan: "Sakaran nan nawa, tun da gwiwata ta fara ciwo, kullum kafin ya fita aiki sai ya biyo ya ɗora min buhunan wake a kan teburi. Yana zaton ban sani ba. Kar ki gaya masa, kansa zai kumbura."

Tsoho ya goge allonsa da sauri, ya rubuta: "A goge wannan wurin."

"Baba, mu nan sayarwa muke yi, ba ma gogewa," in ji Inna, tana share ido da gefen hannun riga.

Inna, ke ce kika san cewa kafin a zaɓi makirfo sai an san mai maganar. Ba a taɓa jin muryarki a rediyo ba, amma gidaje da yawa a garin nan suna ajiye da muryoyin da ba don ke ba da sun wuce. Mun gode, mun kuma ji daɗin zama maƙwabtanki. Ku kuma masu tsayawa bayan kantar shago, a wannan lungu da ko'ina, ku koyi tura wa mutum kujera, ku tambaye shi wa yake son ji, ku jira amsa ko da za ta ɗauki lokaci.

Mun tambayi Noboru ko babansa ya sake maganar gogewa. Ya ce a'a. Sai dai kwanan baya tsohon ya karɓi rakodar, ya nemo wurin da kansa, ya ajiye ta a gabansa tana magana, ya koma yankan awararsa.