Zanar da Muka Shimfiɗa a Kan Ruwa

Assalamu alaikum masu wannan mujalla. Ni tsohuwa ce yanzu, jikata ce ke rubuta mini, amma a shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu ina ƙuruciyata, da goyon ɗana na fari, ga rawar kai, ga son a ce na iya. Maigidana shi ke gadin wani gidan baƙi a bayan garin Gidan Rumji, na wani Nasara ne da ke ba da shi haya ga masu zuwa hutu daga Maraɗi, da farko 'yan'uwansa masu sayen gyaɗa, daga baya har da namu ma'aikatan buro, wato ofisoshin gwamnati. A bayan gidan akwai wani tafkin siminti da suke wanka a ciki, su suna ce masa pisin, mu kuwa kududdufin Nasara muke ce masa. Mu muke kula da shi.

Kai, ruwan nan ya ba mu wahala! Maigida ya jawo daga rijiya ya cika, ni in bi da kwando ina tsame ganyen dogonyaro da kwaɗi, mu zuba jabel, wannan maganin mai warin tsiya, amma kwana kaɗan sai ka ga gansakuka ta yi kore shar. Ga awakin maƙwabta da ba su da kunya. Rannan da baƙi suka tafi na ce wa maigida, shin wace mace ce ke barin randarta a buɗe? Ai faifai ake sa mata. Ya yi dariya ya ce to ina faifan da zai rufe wannan. Na ce zana. Muka gitta sanduna sirara daga baki zuwa baki, muka shimfiɗa sababbin zana a kai, rufif, ko ɗigon ruwa ba ka gani. Dabarar ta ci, ruwa ya zauna garau, ni kuwa sai fankama nake yi.

Ana haka uwar mijina, da muke kira Inna, ta zo mana daga Sae Sabuwa a kan jaki, da kuɓewa ɗanya cike da masaki. Allah sarki Inna, idonta ya fara hazo amma hannunta ba ya zama. Tana sauka ta karɓe yaron, tana ce masa mijina, tana yi masa tsiyar wai ya bar ta ba cefane. Ni kuwa, da yake ɗan fari ne, kunya ba ta bari in yi masa wasa a gabanta, ko sunansa ba na faɗi, don haka bayanta ya zama gidansa. Mun nuna mata ɗaki, mun nuna mata makewayi da rijiya. Kududdufin nan kuwa ba wanda ya tuna da shi, tunda mu a wurinmu an rufe, magana ta ƙare.

Washegari da hantsi ina daka, maigida yana bakin rijiya, Inna ta yanka kuɓewarta ta fita neman wurin shanya da yaro a baya. To ku gaya mini, wace tsohuwar ƙauye ce za ta ga zana sababbi shimfiɗe a rana, fili fetal, ba kaji ba awaki, ta wuce? Ta hau. Ni dai ƙarar karyewar sanda na ji, sai tsulum. Na yar da taɓarya na ruga, na tarar zana ta lotsa, kuɓewa na yawo a kan ruwa, babu Inna. Sai ga hannuwa biyu sun ɓullo riƙe da yaron a sama. Ashe tana nutsewa ta kwance majanyi a ƙarƙashin ruwa, ta juyo da shi ta ɗaga, ita kanta ko hancinta bai fito ba. Ranar na kira sunan ɗana da ƙarfi, ban san ma na yi ba. Na kwanta rub da ciki a bakin siminti na fizge shi, maigida ya faɗa da rigarsa ya tallafo uwarsa. Yaro ya amayar da ruwa a kan gwiwata ya callara kuka, wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan kukan ba.

Inna ta tashi, sai dai tari ya kama mata ƙirji. Amma ba tarin ne ya fi damuna ba. Tun daga ranar ta daina goyon yaron. Ya rarrafo ya kama zanenta yana kuka, sai ta kau da kai ta ce a ɗauke shi. Tsiyar cefane ta ƙare, kiransa mijina ya ƙare. Ta ce wa ɗanta makauniya ba ta da amanar goyo, ita ce ta kusa kashe jikanta saboda kuɓewa. In na ji haka sai kunyar suruka ta hana ni faɗa mata laifinmu ne.

Maigida ya kwashe zanar nan daga kan ruwa, ya kafa dirkoki, ya tsayar da su suka zama shinge kewaye da kududdufin, da ƙofa mai ɗauri sama inda hannun yaro ba ya kai. Ganye ya dawo, kwaɗi suka dawo, na ci gaba da bin su da kwando ba ƙorafi. Ranar da aka gama shingen na ajiye kunya, na ɗauki yaro da majanyi na durƙusa gabanta. Na ce, "Inna, ba idonku ba ne. Mai ido biyu ma zai hau. Mu muka ɓoye ruwa ba mu faɗa muku ba, ku kuwa kuka ba shi numfashinku." Hawaye suka bi kuncinta. Can ta juya mini baya ta sunkuya, ta ce, "Ɗora mini mijina, ɗiyata. Ki ɗaure da kyau."

Ta goya shi har kaka. Tarin nan bai sake ta ba, kafin wata damina Allah ya karɓi abarsa. Yaron yau shi ma da furfura, bai san fuskarta ba, amma duk shekara sai ya kai ni Sae Sabuwa mu yi mata addu'a.

Yanzu ina jin gidajen baƙi masu irin wannan ruwa sun yi yawa, har da masu rufe shi da tamfol. Don Allah masu kula da su, ku ji daga bakin wadda ta gani. Ƙazantar ruwa ana tsamewa da kwando, gobe ma a sake. Ku kewaye shi, kada ku ɓoye shi, kuma duk baƙon da ya sauka, tsoho ko mai yaro, ku kama hannunsa ku kai shi ya ga ruwan kafin ku nuna masa ɗaki. Mu mun nuna wa Inna komai a gidan nan, ban da shi.