Baba Lan, Mai Gane Mutum a Gutsuren Gurasa

Kafin ladanin masallacin layinmu ya gyara murya, Baba Lan Deshun ya riga ya ɗaga murfin tukunya. Romon ƙashin rago ne da ya kwana yana ɓararraka a kan wuta kaɗan-kaɗan. Sai ya yaye kitsen sama da ludayi ya ajiye gefe, ya ɗanɗana, ya yi tsaki ko da ya yi daɗi, don shi bai taɓa yabon romonsa da baki ba. Daga nan sai masallaci. In ya dawo ya gyara farar hularsa, ya ɗaura ƙyalle a ƙugu, ya tsaya a bayan 'yar tagar da ta raba madafa da wurin zaman masu ci. Shekara arba'in da 'yan kai yana tsaye a wurin nan, a shagon Hajiya An da ke unguwar Musulmi ta birnin Xi'an, a ƙasar Sin. Da yawa cikin waɗanda suka yi furfura suna cin girkinsa ba za su gane shi ba in sun haɗu a kasuwa, don hannunsa kawai suke gani ta taga.

Abinci ɗaya ake sayarwa, paomo. Ka shigo a miƙa maka kwano da gurasa biyu masu tauri, ka zauna ka gutsuttsura da hannunka ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar wake, kana hira, ba gaggawa. In ka gama a maƙala wa kwanon lamba a tura ta taga. Can ciki Baba Lan zai juye shi a kasko shi kaɗai, ba ya haɗa na mutum biyu, ya zuba romo da nama da siririyar taliya, ya dafa daidai da yadda ka gutsura. Mai ƙananan gutsattsari wutarsa daban, mai manya wutarsa daban. A nan ne ya san mu. Kallo ɗaya yake yi wa kwano ya gane na wane ne, ya gane ko mai shi ya yi barci, ko ya yi faɗa da matarsa kafin ya fito.

Amma duk wanda ya daɗe a unguwar nan ya san ba don girki kaɗai yake ƙura wa kowane kwano ido ba. Akwai wani kwano da yake jira.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, Junhai. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, don haka a gindin murhu ya girma. Wata rana ya dafa bakin kasko da babban yatsansa na dama, farcen ya fita bai sake tsirowa da kyau ba. Da ya fara koyon gutsura gurasa sai ya kasa tsunkula da farce kamar kowa, ya riƙa murɗewa da gefen yatsa. Gutsattsarinsa suna fitowa a lanƙwashe kamar jinjirin wata, babu mai irinsu a duk birnin. Uban kan yi dariya ya ce ko cikin kwano dubu zai tsinto na ɗansa.

Junhai ya girma da kai mai saurin lissafi. Ya ga baƙi suna ƙaruwa, ya ga ba su da haƙurin zama su gutsura, sai ya lallashi marigayi mijin Hajiya An aka sayo injin yanka gurasa. Ranar gwaji ya gayyato dattawan unguwa, har da mahaifin yarinyar da yake nema. Inji ya yi ƙara, gurasa ta zubo a yanke tsaf, aka cika kwanuka aka tura ta taga. Ba a jima ba sai ga kwanukan suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, ba a dafa ba. Muryar Baba Lan ta biyo su.

"Ba na dafa tsabar kaji."

Hajiya An, wadda ta ba ni wannan labari, ta ce yaron ya ɗauki gurasa ya zauna, ya gutsura kwano guda da yatsansa, ya kai taga da kansa ya tura, kamar mai cewa to Baba, na ji, ga na hannu. A al'adar masu wannan sana'a, gwani yana da ikon mayar da kwanon da aka gutsura da ganda, kuma ana ɗaukar hakan a matsayin darajarsa. Baba Lan ya dubi kwanon ɗansa, zuciya tana cinsa, ya turo shi waje.

"Wannan ma da gaggawa ka yi shi. Sake."

Junhai bai sake ba. Ya wanke hannu ya fita, kafin mako ya zagayo ya hau jirgin ƙasa ya yi kudu, maganar aure ta watse. Shekara ashirin da wani abu ke nan. An yi ta aika saƙo ta bakin fatake, wani ya ce ya gan shi a Guangzhou, wani ya ce ya bar can. Amsa dai ba ta taɓa zuwa ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne injin ya ci nasara. Yau babu shagon da ba shi da shi, har na Hajiya An, kuma Baba Lan yana dafa wa masu yawon ɗanɗana abinci yankan inji bai ce uffan ba. Tun daga ranar da ya mayar da na Junhai bai sake mayar da kwanon kowa ba.

Na ga kwanon wani baƙo da ya yaga gurasa gida huɗu ya tura, yana ta ɗaukar hoto da waya. A da can da tuni ya dawo masa. Baba Lan ya gyara a ɓoye ya dafa, baƙon ya tafi yana faɗa wa duniya cewa ya iya gutsura irin ta 'yan gari.

Sai kuma Tsoho Ding, direban bas mai ritaya, abokin faɗansa na shekara da shekaru. Wata safiya kwanon Ding ya shiga, rabi ƙanana yadda ya saba, rabi a dagargaje. Baba Lan ya leƙo ta taga, abin da ba ya yi.

"Hajiya, a duba min Ding. Hannunsa na dama ba daidai yake ba."

"Wa ya tambaye ka?" in ji Ding. "Dafa abinci ka bar likitanci, tsohon banza. Hannun nan ya fi naka ƙwari."

"Ɗaga shi mu gani."

Ding ya yi niyyar ɗagawa don ya ƙaryata shi, hannu ya ƙi. Aka sa shi a mota sai asibiti, ashe shanyewar ɓarin jiki ce ta fara taɓa shi, Allah ya sa an tare da wuri. Ya dawo da rai da bakinsa, amma yatsun ba su koma yadda suke ba. Har yau gutsattsarinsa manya ne, kuma har yau yana buga tebur yana cewa babu saurayin da ya kai shi iya gutsura, a duba yadda nasa ke fitowa lukwi. Kowa a shagon ya san wanda ke sake gutsura masa a bayan taga. Babu wanda ya taɓa faɗa masa, ni ma da Ding yana karanta jarida da ban rubuta ba.

Kai ne wannan, Baba Lan. Kai ne ka gane matar marigayi Malam Mu ta gutsura kwano biyu bisa sabo, mako guda da binne mijinta, ka dafa duka biyun ka ce a kai mata ba tare da tambaya ba, ta zauna ta yi kukanta a gaban kwanon da babu mai ci. Ka rufa asirin hannuwa masu rawa, ka ciyar da mu daidai da halin da muka shigo da shi, alhali kai ba wanda ya san halin da kake tsaye da shi.

Bara ciwon suga ya sauka masa a ido. Ya fara ganin kwano kamar ta cikin tururi. Bai gaya wa kowa ba, sai ya koma wanke hannu yana shafa gutsattsarin da yatsu kafin ya juye. Hajiya An ta lura, ta yi shiru wata da watanni. Da ya ƙona hannu a kasko karo na biyu ta same shi bayan azahar.

"Malam Lan, ya isa haka. Ka huta."

"In na tafi wa zai gane Junhai, Hajiya? Yaran nan ba su san hannunsa ba. In ya zo ya tura kwano ya ga ba a gane ba, tashi zai yi ya tafi."

Amma ido ba ya jin lallashi. Aka tsayar da Juma'ar ƙarshen wata a matsayin ranarsa ta ƙarshe. Matasan unguwa suka yaɗa a waya cewa tsohon gwanin bayan taga zai ajiye ludayi, duk mai son ɗanɗana hannunsa ya zo.

Ranar shago ya cika har bakin titi, ba wanda ya yarda a yanka masa da inji. Ding ya zo da sabuwar hula yana cewa ya zo ne ya tabbatar tsohon ya tafi da gaske. Kwanuka suna shiga suna fita. Can bayan an sauko daga masallaci, ludayi ya daina ƙara a kasko. Hajiya An ta leƙa ta ga Baba Lan tsaye, yatsunsa cikin wani kwano, yana ɗaukar gutsure ɗaya yana juyawa, ya ajiye ya ɗauki wani. Duk a lanƙwashe suke.

Ta ce ta zaci zai saki komai ya fito da gudu. Bai fito ba. Ya sake wanke kasko ko da yake a wanke yake, ya zaɓi tsokar da ta fi laushi, ya debo romo daga tsakiyar tukunya, ya dafa kwanon nan a natse kamar ba kowa a shagon. Ya ɗora tafarnuwa mai zaƙi da yaji a gefe. Sannan ya buɗe ƙofar madafa, ya fito riƙe da kwano da hannu biyu, karo na farko da yawancinmu muka gan shi a tsaye cikin masu ci. Ya sa Hajiya ta karanta masa lambar, ya kira ta.

Wata budurwa ce ta miƙe daga kusurwa, da jakar tafiya a gefenta.

Ya tsaya yana dubanta da idon da ba ya gani sosai, yana duban bayanta ko akwai wani. Babu kowa.

"'Yata, wa ya gutsura miki wannan?"

"Ni ce."

"Miƙo hannunki."

Ya ajiye kwanon ya shafa babban yatsanta. Farce lafiya lau.

"Yatsanki ƙalau. Me ya sa kike murɗewa da gefe?"

"Haka na ga babana yana yi. Na ɗauka haka kowa ke yi. Sunana Yating. Lan Yating. Kaka, babana ya rasu da sanyin da ya wuce. Ya daɗe yana cewa zai kawo ni, kullum sai ya ce baɗi."

Ding ya cire sabuwar hularsa ya rufe fuska da ita. Baba Lan ya dafa tebur ya zauna a hankali, yana salati a ƙasa-ƙasa.

"Ya bar wata magana?"

"Ya ce in na zo kada in faɗi ko ni wace ce, in gutsura in tura kawai. Ya ce in ka dawo min da shi kada in ji haushi, haka kake, in sake gutsurawa in tura. Ya ce shi ma da ya sani da ya sake gutsurawa a wancan karon."

Hawaye ya bi fuskar tsohon har cikin gemu, bai share ba. Ya lalubi kwanon ya tura gabanta, ya ɗora mata tsinken cin abinci.

"Ci, kada ya huce."

Ta ci tana kuka, shi kuma yana zaune yana sauraron ƙarar tsinkenta a bakin kwano har ta gama.

Yanzu Baba Lan ya bar bayan taga. Kullum da safe yana zaune a teburin kusa da ƙofa, shi da Ding suna zagin juna, Yating kuma ta sami aiki a wani kanti a birnin, takan biyo ta gutsura masa gurasarsa kafin ta wuce. Da na gaya masa zan rubuta wannan jinjina sai ya ɓata rai.

"Rubuta romo in kana so. Amma ka sa cewa na mayar da kwanon yaro. In ka ɓoye wannan, kada ka sa sunana."

To na sa, Baba. Kuma mun gode. Mun gode da safiyoyin da ka tsaya a kan ƙafafunka don mu karya kumallo, da asirinmu da ka gani a cikin kwano ka rufe. Allah ya jiƙan Junhai, ya ba ka haƙuri, ya bar maka Yating. Masu tasowa a wannan sana'a da ma kowace iri, ku koyi kallon aiki irin nasa, ku san cewa akwai mutum a bayan duk abin da aka miƙo muku. Sannan ku riƙe abin da ya biya da ɗansa kafin ya koya. In naku ya turo muku kwano, ko yaya ya gutsura shi, ku dafa masa tun yana zaune yana jira.